Yadda Na Kai Lami Ankara

Na kai Lami ƙasar Gana, an buɗe mata ƙirji, an gyara abin da ya lalace a zuciyarta, na dawo da ita da ranta. Labarin ke nan. Amma tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. A teburin mai shayi tambaya, a ƙofar masallaci tambaya, direba ya kawo taya a yi masa faci sai ya nemi benci ya ce yaya Gana. Ni ba mai yawan magana ba ne, kuma ban yi boko ba. Malam Bitrus, malamin firamare da muke haya gida ɗaya a unguwar Hashimi a Suleja, shi ya ce in faɗa sau ɗaya ya rubuta, duk wanda ya sake tambaya a miƙa masa takarda. Na ce ya rubuta yadda na faɗa, kada ya ƙara mata gishiri.

Sunana Ajuji, sana'ata facin taya. Wanda ya ji sunan ya san dalilinsa. 'Ya'yan uwata ba sa zama. Ta haifa ta binne, ta haifa ta binne, da aka zo kaina sai aka kwantar da ni a kan juji don mutuwa ta raina ni ta wuce. Na zauna. Bayana ƙane ɗaya ya zauna, Iro. Ya girma, ya yi aure, ya haifi biyu, Sani da Lami. Wata rana yana ɗauke da buhun siminti a wurin gini a Abuja ya durƙusa, bai sake tashi ba. Lami tana goye a lokacin. Da aka yaye ta uwarsu ta yi aure can nesa, aka raba yaran yadda aka saba. Kawunsu na Sabon Wuse ya ɗauki Sani, ni da matata Asabe muka ɗauki Lami. Mu Allah bai ba mu haihuwa ba. Ba wanda ya taɓa gaya wa Lami. A wurinmu ɗan ƙaninka ɗanka ne, wanda ya kira shi ɗan riƙo zagi ya yi. Sani ma a ɗan dangi ta san shi, wanda ake gani da salla.

Tana shekara tara ta daina gudu. Daga bakin rijiya zuwa ɗaki sai ta tsuguna tana haki. Ta faɗi a makaranta. Mun yi rubutu, mun yi saiwa, ba sauƙi. A babban asibiti likita ya ce wata ƙofa ce a zuciyarta aka haife ta da ita a matse, sai an yi fiɗa, kuma a lokacin aikin ba zai yiwu a wurinsu ba. Ya ce ana yi a Ankara, babban birnin Gana, ya ba ni takarda. Na sayar da injin ba taya iska. Masallacin unguwa ya tara abin da ya samu, cocin su Malam Bitrus ma haka. Guzurin ba zai ɗauki mutum uku ba, don haka Asabe ta zauna.

A tasha ta gyara wa Lami ɗankwali, ta sake gyarawa, sannan ta ja ni gefe.

“Baban Lami, 'yata za ka tafi da ita. Ka dawo mini da ita tana 'yata.”

Na gane abin da take nufi. Ta san likitoci da tambaya. Na ce to.

Lokacin wahalar mai ne, motar Ikko ba ta tashi ba sai da rana ta take. Shingen sojoji kuwa na daina lura da yawansu tun kafin Lokoja. Wata Bayarabiya mai sayar da atamfa da ke kusa da mu ta ɗauke Lami daga cinyata ta ɗora a tata, ba ta ko tambaye ni ba. Ta ɓare mata lemo, ta lulluɓe mata ƙafa da zane, tana yi mini faɗa da guntuwar Hausarta wai maza ba su san riƙon yaro ba. Ban yi musu ba. Bayan Okene taya ta fashe, direba ya sauko da safaya, ita ma ba iska. Fasinjoji suka hau zaginsa. Na tuɓe rigata ta Juma'a na ba Lami ta riƙe, na ari kayan wani mai faci a bakin hanya da ya tafi cin abinci ya bar matarsa, na yi aikin. Na bar Suleja don in huta da taya, ta biyo ni har ƙasar Igbira.

A Ikko mun sauka wurin 'yan goro, a wani shago da ake shimfiɗa tabarmi bayan an tashi kasuwa. Wani dattijo a cikinsu da ya yi fataucin Gana ya ce idan na isa Ankara in nemi zangon Hausawa in tambayi Hajiya Zinabu mai wake. Ya ce ba sai na ce shi ya aiko ni ba, ba ta korar baƙo, sai dai ta cika shi da magana.

Tsakanin Ikko da Ankara iyaka uku ce. A ta farko aka sauke mu duka aka kwance kaya. Wani ɗan kwastan ya ga kilishin da Asabe ta ƙulla mana, ya ce nama ba ya ƙetare iyaka. Ya ƙetare, a cikinsa. Ina kallo yana ci. Sai wata jami'a ta ga namiji shi kaɗai da yarinya, ta ce a tsaya. Ashe ana yawan fitar da yara ta nan a kai su aikatau. Ta ajiye ni a waje, ta shiga da Lami ofis, ni ina hango su ta taga. Ta nuno ni da biro ta tambaye ta da Hausar barikin soja wane ne wancan.

“Babana ne mana,” in ji Lami. “Ba ki ga kunnenmu iri ɗaya ba ne?”

Matar ta dubi kunnenta, ta leƙo ta dubi nawa, ta yi dariya ta buga hatimi. Gaskiya ne, kunnuwanmu a buɗe suke kamar hannun tukunya. Na mahaifinmu ne. Iro ma irinsu gare shi.

A Kwatano babur ya fi mutane yawa, masu haya duk da riga ruwan ɗorawa. Man feturin da muke kwana layi a kansa a gida, ga shi nan a manyan kwalabe a bakin titi, ba mai ko kallonsa. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, kuma kusan haka taurinsa yake. Lami ta ce a saya, ta gutsura sau ɗaya ta miƙo mini. A Lome hanya ta bi gefen teku. Ta daɗe da goshi a jikin gilashi, sannan ta tambaye ni ina wancan bakin. Na ce ban sani ba. A iyakar Gana da ƙafa ake ƙetarawa, ruwan yana nan kusa, ta so ta taɓa shi. Ba ta iya takawa cikin yashin ba. Na goya ta muka wuce.

Hajiya Zinabu doguwa ce, ƙaƙƙarfa, muryarta tana kaiwa ƙarshen layi. Kakanta Bakano ne da goro ya kai shi can, ita kuwa ba ta taɓa ganin Kano ba. Hausarsu daban take, mace ma sai su ce ya zo, ya tafi. Ta ba mu ɗakin ɗanta da ke tuƙin babbar mota. Abin da take sayarwa suna kiransa wake kawai, amma shinkafa da wake ne da aka dafa da karan dafi ya yi ja, a zuba baƙin yaji da taliya da ƙwai. Wannan na ci. Akwai kuma wani dunƙulen masara mai tsami da ake naɗewa a ɓawo, kenke, ana ci da soyayyen kifi. Lami ta so shi, ni kuwa cikina ya yi kwana biyu yana ƙorafi. Kokonsu da ƙosai kamar a gida, har sunan bai canza ba.

Mutanen Gana suna bin layi ko ba soja a kansu. Idan suka shiga taro daga dama suke fara gaisawa, na fara ta hagu sau ɗaya Hajiya ta ja mini riga. Gawa kuwa sai ta yi makonni a ajiye, ran Asabar a fito da ja da baƙin zane, da kiɗa, da rawa. Mu da muke binnewa kafin rana ta juya, abin ya ba ni mamaki. Hajiya ta ce su Musulmin zango irin namu suke yi, amma in daina buɗe baki a titi. Ranar da za mu fara zuwa asibiti na tashe ta da cewa mun makara. Ta dubi agogona ta ce agogon Najeriya ne, ya fi nasu gaggawa da awa guda, kamar masu shi.

Ita ta zama mana tafinta. Likitar yara mace ce, siririya, mai furfura a gaban goshi. Ta ce zuciya tana da ƙofofi, jini ya wuce su rufe kada ya koma baya. Na ce kamar bawul ɗin tiyub. Ta ce kusan haka. Ta Lami ta matse ta yi tauri, zuciya tana turawa da ƙarfin tsiya, shi ya sa take gajiya. Aka sa ranar fiɗa. Wata nas ta ji sunan Lami ta tambayi ma'anarsa, da aka ce haihuwar Alhamis ce sai ta dafa ƙirji ta ce ita ma, a wurinsu Ya ake kiran irinsu. Daga ranar duk ɗakin Ya suke ce mata.

Sai likitar ta nemi wata alfarma. Ta ce tana bin gidajen da wannan ciwo yake maimaituwa, tana neman abin da yake bin jini daga iyaye zuwa 'ya'ya. Ta ce ko na ƙi za a yi wa Lami aiki. Na yarda. Ta ɗauki farar takarda tana tambaya tana zane: namiji ɗan akwati, mace ɗan zagaye, wanda ya mutu a ja masa kara. Mu ba ma lissafa matattu. Ranar na kira sunayen 'yan'uwana da ban taɓa furtawa ba, waɗanda na ji a bakin uwata. Layinmu duk kara ne, akwatina kaɗai ya tsira. Da ta zo kan Lami ta ja layi daga tsakanina da Asabe ya sauka a kanta. Na ga layin. Ban gyara mata ba.

Aka ɗebi jinina, aka kwantar da ni aka shafa mini wani abu mai sanyi a ƙirji, zuciyata ta fito a wata 'yar talabijin. Lami ta matso har tana taka ƙafar nas. Ta riga ta ji Hajiya ta ce ciwon gado ne, sai murna take yi.

“Baba, yanzu za a ga naka irin nawa.”

Likita ta duba ta sake dubawa, ta ce tawa lafiya lau. Na ga fuskar yarinyar ta faɗi. Likita ta ce wani yakan ɗauka bai nuna ba, ko kuma ta wajen uwa ne, ya kamata a duba Asabe da danginta. Sannan ta ɗora biro a kan akwatin Iro ta ce wannan da ya faɗi da ƙuruciyarsa, ya bar 'ya'ya? Na kau da kai. Hajiya ta ɗauka a'a nake nufi, ta faɗa mata haka. Likita ta ce to da sauƙi, don 'ya'yan irin wannan mutum su take jin tsoro, bai kamata su ɗauki kaya mai nauyi ba sai an duba su.

Sani yana shekara goma sha biyu. Duk ranar kasuwar Sabon Wuse yana dakon doya daga mota zuwa rumfa.

Muka koma gidan Hajiya. Da aka kawo abinci Lami ta ce, idan ba nawa ba ne, na Inna ne ke nan? Na ce ta ci abincinta. Kwana biyu ina yawo da abin a ciki. Na yi wa Asabe alkawari, kuma ban taɓa karya mata magana ba. Da safe Hajiya tana juya tukunya na tsuguna kusa da murhu na gaya mata duka. Ba ta daina juyawa ba.

“Mu ma nan muna riƙo, Ajuji, ba ku kuka fara ba. Amma likita ba gulma yake nema ba. Matarka zai yi kuka ya share hawaye. Yaron can in ya faɗi da doya a ka, wa zai tashe shi?”

Ta rufe tukunya ta bar wa 'yarta ciniki, muka koma asibiti. Na bar Lami wurin nas ɗinta, na shiga na ce layin nan ba daidai yake ba. Likita ba ta yi fushi ba. Ta goge, ta ja sabon layi daga akwatin Iro, ta ƙara akwati ɗaya na Sani. Na ga wurina da na Asabe ya zama fili, ba kowa a ƙarƙashinmu. Zan tashi ta ce in dakata. Ta ja wani layi mai ɗigo-ɗigo daga wurinmu zuwa kan Lami. Ta ce wannan na waɗanda suka rena ne, su ma a aikinsu suna da alamarsa. Na daɗe ina kallonsa.

Ranar na nemi gidan waya na kira ofishin da wani maƙwabcinmu yake masinja a Abuja. Na ce ya gaya wa Malam Bitrus ya hau mota zuwa Sabon Wuse, kada Sani ya sake ɗaukar ko ƙwarya sai na dawo.

Likita ta ce gaya wa Lami ba aikinta ba ne. Na so in bar shi. Amma ana gobe fiɗa, da la'asar, tana kwance a gadon asibiti ta ce idan ta koma ba za ta gaya wa Inna cewa a wajenta ta gaji ciwon ba, kada ta ji ba daɗi. Yarinya za ta shiga ƙarƙashin wuƙa tana ɗauke da wannan. Na ja kujera.

Na ce ba na Inna ba ne. Na ce ina da ƙane sunansa Iro, shi ya haife ta, ita da Sani, kuma zuciyarsa ce ta gada. Ban iya jera magana ba, haka na faɗe ta a dunƙule. Ta murza bakin zanen gado.

“Ya san ni?”

“Shi ya yi miki huɗuba. In ya dawo aiki ba ya wanke siminti sai ya ɗaga ki. Kullum ana yi masa faɗa.”

Ta kai hannu ta taɓa kunnenta. Na ce wannan na kakanta ne, da ni da Iro duk mun samu, ba wanda zai ƙwace mata.

“To har yanzu kai ne Babana?”

“Wa ya kawo ki Gana?”

“Kai.”

“To.”

Ta juya ta kama babban yatsana, wanda faci ya ƙone, ta riƙe har barci ya ɗauke ta.

Da safe aka shiga da ita. Na zauna a benci. Hajiya ta kawo abinci ban ci ba, ta zauna ta cinye tana ba ni labarin mazajenta uku, na san don kada in yi tunani ne. Bayan azahar mai fiɗa ya fito ya ce an buɗe ƙofar, jini yana wucewa. Ya ce wataƙila idan ta girma a sake wani aikin, in riƙa kai ta ana dubawa. Na ce na ji. Da na gan ta da robobi a hanci da ƙirji sai da na nemi wuri na zauna, ni da na wanke gawar Iro da hannuna ban zauna ba. Da ta farka abin da ta fara nema kenke ne. Nas ta ce Ya ta zama 'yar Gana.

Mun yi makonni kafin a sallame mu. Zama ya ishe ni, na sami wani mai faci a bakin zango ina taya shi. Ba ya jin Hausa, ba na jin yarensa, taya kuwa duk ɗaya ce. Ranar tafiya Hajiya ta ƙulla mana baƙin yaji ta ce in an tambaya a iyaka in ce magani ne. A bakin iyakar Gana Lami ta saki hannuna ta taka yashin nan da ƙafarta har bakin ruwa, ta cika kwalbar magani da ruwan teku ta ce tsarabar Inna ce.

Mun iso Suleja da hantsi. Asabe ta rungume ta tana shafa ta tun daga kai. Ban ajiye jaka ba na ce mata na karya alkawari, na faɗi dalili. Ta zauna a bakin ƙofa, ba ta dube ni ba. Lami ta buɗe wuyan rigarta, ta kama hannun Asabe ta ɗora a kan tabon.

“Inna, taɓa, ba zafi. Baba ya gaya mini, na ce to. Akwai ɗumame?”

Asabe ta tashi ta hura wuta tana kuka. Ni ta yi kwanaki ba ta yi mini magana ba, sannan wata safiya ta ce in je in zo da Sani ya ci abinci da ƙanwarsa.

Na kai Sani babban asibiti da takardar likitar. Yana da shi, amma bai kai na Lami ba. An hana shi dako, kawunsa ya sa shi koyon ɗinki, duk shekara za a riƙa dubawa. An ɗebi jininsa an aika wa likitar Ankara. Ta ce abin da take nema a jinin ba su gano shi ba tukuna, yana iya ɗaukar shekaru, wataƙila 'ya'yansu Lami ne za su amfana. Na ce ta riƙe takardar, duk wanda aka haifa zan aika a ƙara.

Yanzu ina nan inda kuka san ni, bakin hanyar Kaduna, gindin mangwaro, da famfon hannu tunda injin ya tafi. Kwalbar ruwan teku tana kan kwanukan Asabe. Idan an tashi makaranta Lami takan biyo ta wurina ta karɓi na ƙosai. Da gudu take zuwa. Kullum sai na ce ta riƙa tafiya a hankali, kullum ba ta ji. Wannan kam a wurina ta gada.